Layar Baba Mai Batir

Ƙanena ne ya fara ambaton kwaɗo, kuma daga Akra ya ambace shi, ta waya, yana zaune a ofishinsu mai sanyi. Ya ce tunda Baba ya fara mantuwa, abin da ya fi shi ne a riƙa kulle ƙofa, a hana shi fita. Na tambaye shi ko ragon layya aka ba mu kiwo. Ya ce in daina maganar banza, ni ma na san gaskiya yake faɗa. Na kashe wayar yana cikin magana. Ya sake kira, na ƙyale ta tana ta ruri a kan keken ɗinkina har ta gaji.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Baba, ni ce babba. Bayan rasuwar mijina na dawo gidanmu a zangon Tamale, na buɗe ɗan shagon ɗinki a zaure, don haka duk abin da ya shafi Baba a kaina yake: wankinsa, kokonsa, maganinsa, har da faɗansa. Ƙanena kuwa ya yi karatun injiniya a Kumasi, ya samu aiki a wani kamfani da ke bin sawun manyan motocin kaya ta kwamfuta. Tun daga nan ya ɗauka duk abin da ke motsi a duniya ana iya sa masa ido daga kan kujera. Ni dai Injiniya nake ce masa, kuma ya san ba yabo ba ne.

Baba mutum ne da bai taɓa iya zama ba. Kakansa ya zo daga Kano da fataken goro, shi kuma ya ƙare ƙarfinsa yana sayen gyaɗa da kaɗanya a ƙauyukan da ke kewaye da gari, a ƙafa da kan keke. Da ya tsufa ya bar ciniki, amma bai bar fita ba. Da safe zai sha koko, ya gyara hula, ya ɗauki sanda, ya tafi gaisuwa. Zai biya masallaci, ya tsaya wurin mahauta, ya ƙarasa gindin bishiyar da tsofaffi ke zama kusa da kasuwa, ya dawo kafin azahar da labarin wanda ya mutu da wanda aka yi wa haihuwa. Ko da mantuwa ta fara cinsa, har yana tambayar mutanen da shi da kansa ya raka su makabarta, wannan fitar ita ce abin da ya rage masa nasa na kansa. Akwai ranar da hanyar gida ta ɓace masa, wani mahauci ya rako shi, kuma labarin da ya kai kunnen Injiniya ke nan. Ni kuwa na san in aka kulle mutumin nan an gama da shi, ko da yana ci yana sha.

Da Injiniya ya ga na kafe, sai ya zo da Babbar Sallah da jaka cike da ƙananan akwatunan roba, kowanne bai fi sabulun wanki girma ba, da wani ɗan abu baƙi mai faɗi wanda zai ɓace a tafin hannu. Ya tara ni da Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune a Nyanshegu, ya baje kayansa a tabarma kamar mai tallan magani. Ya ce ɗan baƙin zai zauna a jikin Baba yana fitar da wani kuka da kunnen mutum ba ya ji. Akwatunan kuma za a rarraba su a gidaje da shaguna, su ne kunnuwan. Wanda ya ji kukan da ƙarfi zai ce Baba na kusa, wanda ya ji shi da rauni zai ce yana nesa. Akwati ɗaya ba zai iya faɗin ta wane gefe ba, amma in da yawa suka ji a lokaci guda, kwamfutarsa za ta haɗa maganganunsu ta fitar da wuri a taswirar waya.

Na ce me ya hana ya sa masa irin na motocinsu, mai magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye. Ya ce wancan yana da nauyi, yana shan batir, kuma Baba zai cire ya yar. A nan kam ya yi gaskiya, ban dai faɗa masa ba.

Gwaggo ta juya akwati ɗaya a hannu, ta ce, "To shi wannan, ba ya ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ne, Gwaggo, kuskure ne," in ji shi. "Rufin kwano yana juya sigina, ruwan sama yana rage shi, ko motokin, babur ɗin nan na dakon kaya, cike da rodi ya gifta sai lissafi ya canja. Shi ya sa ba ɗigo kaɗai za ku gani ba, za ku ga da'ira kewaye da shi. In ƙarama ce, sistam ya tabbata. In ta yi faɗi, zato yake yi."

Na ce, "Wato tun daga Akra ka ɗauko mana abin da ke yin zato. Ai zato muna da shi a gida."

Bai ko kalle ni ba. Ya juya ga Gwaggo ya kafa sharaɗinsa. Ya yarda Baba ya ci gaba da fita, amma duk ranar da ya ɓace aka neme shi ta abin nan aka rasa, to kwaɗo ya tabbata, kuma ba ya son ya sake jin bakina. Gwaggo ta ce wannan adalci ne. Ita dai tun yana goye duk abin da ya yi adalci ne a wurinta. Na yarda don ba ni da wata hanya. Daga ranar na shiga wani hali mai ban haushi, na tsani abin har cikin raina, amma kullum ina roƙon Allah kada ya gaza.

Baba ba zai yarda a rataya masa na'ura ba, don haka aka kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata, ya bar 'yar kafa a ƙasa don caji. Injiniya ya durƙusa a gabansa ya ce laya ce ta tsari da ya karɓo masa wurin wani malami. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya shafa a fuska, ya yi ta sa masa albarka har idonsa ya kawo ruwa. Na fita tsakar gida don kada in faɗi abin da ke bakina. Daga baya ni aka bar wa aikin sata. Sai ya kwanta barcin rana ya rataye ta a ƙusa tare da hularsa, in lallaɓa in ɗauke in sa a caji, in mayar kafin ya farka.

Raba akwatunan ne ya fi ƙona mini rai. Duk inda muka shiga sai an yi bayani, kuma bayanin ɗaya ne: tsohonmu hankalinsa ya fara tafiya. Abin da na daɗe ina rufewa, Injiniya ya zagaya zango da shi a yini guda. An sa ɗaya a masallacin unguwa, ɗaya wurin mahauta, ɗaya a shagon mai walda da ke layinmu, ɗaya a gidan Gwaggo, wasu kuma a tsakani. Guda ɗaya ya yi saura, ya ba wani abokinsa mai rumfar cajin waya can bakin gari a hanyar Gbalahi. Ya ce ba don Baba zai kai can ba, don dai kada akwatin ya zauna a banza. Kafin ya koma kuma ya bi Baba a baya wata safiya, waya a hannu, yana auna saurin tafiyarsa yadda ake duba saniya kafin a taya. Ya ce sistam na bukatar sanin takun Baba, don ya riƙa hasashen inda ya kai in kunnuwan suka yi shiru.

Ya koma Akra ya bar ni da ɗigo. Shuɗi ne, yana rarrafe a hankali a kan taswira. Ina taka keke, waya na jingine da gwangwanin allurai, ido ɗaya a kan ɗinki ɗaya a kan ubana. Injiniya ma yana kallo daga can. Da ɗigon ya tsaya ya ɗan jima sai waya ta yi ƙara.

"Yaya, me Baba yake yi a bayan tasha?"

"Ta ina zan sani? Abin da kake gani shi nake gani."

"To ki je ki duba mana."

Haka na zama 'yar aikensa, ni da na goya shi. Kunnuwan nasa kuma kowanne da halinsa. Mahauta suna zare nasu su sa cajin waya. Na masallaci ladan yake kashewa tare da lasifika don tsimin wuta. In aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, rabin kunnuwan su kurmance, da'irar ta kumbura ta haɗiye unguwa guda. Na gidan Gwaggo kuwa ya yi makonni bai ji komai ba. Da na je dubawa na tarar ta ga abu ne mai daraja daga Akra, ta sa shi cikin kabad a tsakiyar tasoshin ƙarfe na aurenta ta rufe, wayar wutar kawai ta leƙo. Da na gaya wa Injiniya dariya ya yi. Da ni ce na yi, da na sha wa'azi.

Abin da ya fi muni shi ne tsalle. Baba na zaune wuri ɗaya, sai ɗigon ya zabura ya faɗa wata unguwa, can kuma ya dawo. Na sha barin ɗinkin mutane in tari yalo-yalo, keken hayarmu mai ƙafa uku, in je inda aka ce yake, in tarar da juji da awaki. Wata rana ɗigon ya tsallake titi ya zauna daram a wani gida da ake dafa fito, giyar dawa. Injiniya bai kira ni ba, Gwaggo ya kira, ya ce ina can ina ɗinki an bar Baba yana shiga gidan giya. Gwaggo ta iso mayafi a hannu tana salati. Muka roƙi ladan ya leƙa masallaci, ya fito ya ce ga Baba can a sahun gaba yana jan carbi, tun hantsi bai motsa ba. Ashe rufin kwanon wani sabon shago da aka gina a tsakani ne ya karkatar da kukan layar.

Ranar na wanke Injiniya tas ta waya. Na ce mutumin da bai san ɗanɗanon giya ba tun da aka haife shi, shi ne na'urarka ta kai gidan fito a gaban ƙanwarsa. In ba za ka iya hana abinka hauka ba, ka zo ka kwashe tarkacenka. Ya ce zai gyara. Bayan 'yan kwanaki ya kira muryarsa cike da jin kai. Ya ce yanzu sistam ya yi wayo. Tunda ya san saurin Baba, duk akwatin da ya kawo labarin da ƙafar Baba ba za ta iya ba, za a watsar da maganarsa a matsayin kuskure. Mutumin da yanzu aka ji shi a masallaci ba zai yiwu a ji shi a wata unguwa kafin a ƙifta ido ba.

Ɗigon kuwa ya natsu, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya riƙa bin hanyar Baba tiryan-tiryan, ya fita tare da shi ya dawo tare da shi. Muka samu wasu watanni na sauƙi, waya ta rage ƙara, har na kan ɗinka riga guda ban ɗaga kai ba. Ban gode masa ba, shi ma bai jira ba.

Ranar da abin ya faru damina ce sosai, lokacin da matan ƙauye ke shanya kaɗanya. Baba ya tashi da kuzari, ya ce in ba shi babbar rigarsa fara. Na ɗauka wata ta'aziyya ce ya tuna ko ya ƙirƙira, na ba shi, har na gyara masa wuyanta. Ɗigon ya bi hanyar kullum, masallaci, mahauta, sai ya tsaya a bakin babban titi kafin a ƙarasa gindin bishiya. Azahar ta yi bai dawo ba. Na duba waya, ɗigon na nan inda yake, da'irar kawai ta ƙara faɗi. Na rufe shago na tafi. Mahauta suka ce ya wuce da hantsi, har ya yi musu faɗa a kan ƙashin da suke cika wa mutane. Tsofaffin gindin bishiya suka ce yau ba su gan shi ba.

Na kira Injiniya. Ya ce, "Yana nan, Yaya. Ba inda zai je. Sistam ya lissafa iyakar inda ƙafarsa za ta kai, duk yana cikin da'irar. Ki duba da kyau."

Ki duba da kyau! Na shiga lunguna ɗaya bayan ɗaya, na leƙa kangaye, na ƙwanƙwasa bayin haya, na tambayi masu ƙosai da masu gyaran moto, wato babur. Gwaggo ta zo, mai walda ya rufe shagonsa, maƙwabta suka bazu. Kowa na bin waya ɗaya, wayar kuma na bin da'irar da ke ta buɗewa a hankali da saurin tafiyar tsoho. Injiniya kuma yana can yana ba da umarni, ki matsa gabas kaɗan, ki zagaya bayan tasha, ki koma ta wurin masu katako. Na ce masa in ya sake ce mini gabas zan jefa wayar a kwata. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da ƙarfinsa, manyan kwatocin bakin titi suka cika suna gudu ja-ja-wur. Na bi gefensu a jiƙe ina neman farin ƙyalle ko hula. Tsoro biyu ne a raina, kuma kowanne ya ishe ni. Ina tsoron a ciro shi daga ruwan nan, ina kuma tsoron a same shi lafiya a wajen da'irar, don na san abin da zai biyo baya.

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita, Injiniya ya kira, muryarsa ta canja. Ya ce abokinsa mai rumfar caji ne ya neme shi. Akwai wata 'yar fitila a jikin kowane akwati da ke ƙiftawa in ya ji layar. Ta wurin abokin ba ta taɓa ƙiftawa ba tun da aka sa shi, sai yau da hantsi. Bai ɗauki abin da muhimmanci ba sai da wani mai yalo-yalo ya gaya masa ana neman tsoho a zango. Kuma ya ce ya tuna ya ga wani dattijo da farar babbar riga ya wuce a bayan moto, ya nufi Gbalahi.

"Akwatin ya ji shi," in ji Injiniya a hankali. "Sistam ne ya watsar, don nisan ya fi ƙarfin ƙafa."

Na tsaya cak a tsakiyar taɓo. A Tamale ba a wuce dattijo yana tsaye a bakin titi. Kowa na da moto, maza da mata, kuma ko Badagombe ne ko ɗan zango, in ya ga farin gemu zai taka birki ya gaishe shi, ya ce ina za ka, hau in kai ka. In hanyarsu ta rabu a gaba, zai tsayar da wani mai moto ya damƙa masa shi. Ba a karɓar komai, kuma ba a tambayar babba dalilin tafiyarsa, rashin kunya ne. A cikin zango kowa ya san zagayen Baba, ba mai ɗaukarsa. Amma a babban titi, cikin babbar riga, ga Dagbanci, yaren mutanen garin, a bakinsa tsaf, wa zai ce wannan bai san inda za shi ba? Injiniya ya fi kowa sanin wannan al'ada, don yana saurayi Baba ya taɓa kwaɗa masa mari a kan ya wuce wani tsoho da keke bai tsaya ba. Ni ma abin bai faɗo mini ba, amma ni ban taɓa cewa na lissafa komai ba.

Na ce, "Kai da aka haifa a garin nan, ka koya wa na'urarka cewa tsoho da ƙafa kaɗai yake tafiya?"

"Ke kika ce in hana shi tsalle."

"Ƙarya na ce ka hana shi. Ban ce ka toshe masa kunne ba."

"Yaya, ki bar faɗa, ki je ki ɗauko shi."

Mai walda ne ya goya ni a motonsa. Da muka bar kwalta hanyar ta zama jan taɓo, gonakin masara hagu da dama, zabi na tsallakewa a gabanmu. Ba mu sha wuyar tambaya ba, gida na biyu aka nuna mana. Wata mata na kwashe kaɗanyar da ta rufe da leda saboda ruwa. Na gaishe ta da gaisuwar yamma ta Dagbanci, ta amsa da naa, ta dube ni sama da ƙasa, sai ta juya zuwa irin Hausar da ake yi a kasuwa.

"Tsoho na zango? Yana ciki. Ya zo tun safe, yana neman baba na mijina. Shi ya mutu tun tuni. Mun ce ya tafi gona, don kada zuciya na shi ya ɓaci."

Ta ce sun tambaye shi gidansu, ya yi ta ambaton mutanen da ba wanda ya sani. Sun yanke in ruwa ya ɗauke, mijinta zai kai shi wurin sarkin zango. Kafin nan sun ba shi ruwa, sun shimfiɗa masa tabarma, ya ci tuwon zafi da miyar ayoyo har ya nemi ƙari.

Na same shi a zaurensu, rigarsa a bushe, ƙafa a miƙe, jar layar a ƙirji. An zuba masa kaɗanya a faifai, yana fasawa yana duba cikinta, yana tsokanar tsofaffin matan gidan da Dagbanci cewa ba su iya shanya ba, su kuma suna ramawa ana ta dariya. Na daɗe ban ji wannan muryar tasa ba, muryar ciniki, mai ƙarfi da zolaya. Ya ɗaga kai ya gan ni a jiƙe, taɓo har gwiwa, ya ce, "Ke kuma me ya fito da ke cikin ruwa? Zauna, maigidan ya kusa dawowa." Na zauna a bakin tabarmar, na yi hamdala, kuma a lokaci guda na tuna da alkawarin kwaɗo. Na yi tunanin in ce a bayan tasha na same shi, cikin da'irar. Amma rabin zango ya riga ya ji inda muka nufa.

Injiniya ya biyo bas ya iso washegari. Muka sake zama a tabarmar nan, mu uku. Na ce laifin na'urarsa ne, ba na Baba ba, ya koya mata moto a wuce wurin. Ya ce in ya buɗe mata ta yarda da gudun moto, tsallen zai dawo, ba za a ƙara sanin na gaskiya da na rufin kwano ba. Kuma in dai moto zai iya ɗaukarsa, ko gari duka aka cika da akwatuna ba su isa ba, yau Gbalahi ne, gobe hanyar Yendi. Na ce mutanen da suka ɗauke shi sun kula da shi fiye da ɗan da ya haifa. Ya ce sa'a aka ci, kuma ba zai jira ranar da za a kira shi a ce ya zo ya duba gawa ba. Na ce kai ba ɗa ba ne, mai gadi ne. Ya ce ni kuma ina son in yi wa Baba biyayya har in kashe shi. Idonsa ya yi ja, na ga bai yi barci ba, na san shi ma tsoro ne ke cinsa, amma ko kaɗan zuciyata ba ta yi sanyi ba. Gwaggo ta yi kuka ta share hawaye, ta ce alkawari aka yi a gabanta.

Tunda shagona a zaure yake, ba a iya rufe ƙofar waje ba. Ƙofar ƙarfen da ke tsakanin zaure da tsakar gida aka zaɓa, mai sanduna a sama inda iska ke shiga. Mai walda ya zo ya haɗa mata kunnen kwaɗo, ya gama ya tattara kayansa bai yarda mun haɗa ido ba. Injiniya ya zagaya ya kwashe akwatunansa, ya bar wa Baba layar, wai don ya saba da ita. Da asuba ya kama hanyar Akra. Tun daga lokacin gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a gajarce.

Da safen nan na kai wa Baba koko, na fito zaure, na datse kwaɗon, na zauna kan keke. Ina ji ya gama sha, ya kuskure baki, ya ɗauki sandarsa. Takunsa ya iso ƙofar. Ya tura, ya sake turawa, ya ɗan bubbuga da sanda. Na ƙara ƙarfin taka keken, ina ɗinka layin da na riga na ɗinka. Da bugun ya tsaya sai na kasa daurewa, na ɗaga kai. Yana tsaye hularsa a gyare, ya riƙe sandunan da hannu ɗaya, yana kallon fuskata sosai. Ya yi mini magana a hankali da ladabi, yadda yake yi wa baƙi.

"Baiwar Allah, sannu da aiki. Don Allah ko za ki aika a kira mini 'yata? Tana nan kusa, ɗinki take yi. A ce mata an kulle ni. Ita ba za ta yarda ba."

Na ce masa to, zan aika. Ya yi mini godiya, ya jingina da ƙofar yana jira.